Yadda Ake Ɗora Manhajar Karanta Takardu a Laftof da Yadda Ake Aiki da Ita

Mafi yawan takardun da ke yawo tsakanin kwamfutoci, daga fom ɗin neman aiki zuwa littafin karatu da bayanan asusun banki, a tsarin PDF suke zuwa. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin a 1993, domin takarda ta fito da kamanninta ɗaya a kowace na'ura, kada layi ya goce ko hoto ya bar wurinsa. A 2008 tsarin ya koma ma'auni na duniya a ƙarƙashin hukumar ISO, wato kowa na da damar ƙera manhajar da za ta karanta shi. Shi ya sa manhajojin suka yi yawa, na kirki da na banza. Ɗora manhajar kanta ba ya cin minti biyar. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin zaɓe, da wurin da aka sauko da ita, da kuma saitin da ake barin sa yadda ya zo.

Fara da duba abin da ke hannunka

Kafin ka sauke komai, danna wata takardar PDF sau biyu ka ga abin da zai faru. A Windows 10 da 11, burauzar Microsoft Edge ce za ta buɗe ta, kuma ba laifi: tana bincike, tana shafa wa rubutu launi, tana bari ka yi zane da hannu, har karantawa take yi da murya. A kwamfutocin Apple akwai Preview, wadda ta ishi yawancin mutane. Idan abin da kake yi bai wuce duba rasit ko wasiƙa mai shafi biyu jefi-jefi ba, ka bar abin haka, ba ka bukatar komai.

Mai bukatar manhaja ta daban shi ne wanda ke zama da littafi mai shafi ɗari biyar, ko mai cike fom yana sa hannu, ko wanda laftof ɗinsa ta tsufa, buɗe burauza ma sai ta yi nishi.

Sannan ka san irin fayilolin da kake mu'amala da su. Ana gane su ta haruffan ƙarshen suna: .pdf, .docx na Word, .xlsx na Excel, .pptx na PowerPoint, .epub na littattafai. Windows kan ɓoye waɗannan haruffa, kuma ya kamata ka fito da su tun yanzu. Buɗe File Explorer da maɓallin Windows haɗe da E. A Windows 11 ka danna View, sai Show, sai File name extensions. A Windows 10 kuwa, a ƙarƙashin View za ka ga akwatin da za ka yi wa alama. Amfanin wannan ya wuce sanin nau'in fayil. Masu yaɗa bayiros kan sa wa fayil suna kamar "takarda.pdf.exe", idan ƙarshen a ɓoye yake sai ka ga "takarda.pdf" kawai ka danna. Duk abin da ya ƙare da .exe manhaja ce mai tashi ta yi aiki, ba takarda ba ce.

Wacce za ka zaɓa?

Biyu zan tsaya a kansu, domin kowacce na da mutanenta.

SumatraPDF ƙarama ce ƙwarai, 'yan megabait ne nauyinta, kyauta ce, ba talla, kuma tana buɗewa nan take ko a kan tsohuwar kwamfuta. Wani mai rubuta manhaja, Krzysztof Kowalczyk, shi ya ƙirƙiro ta, kuma a Windows kaɗai take aiki. Bayan PDF tana karanta EPUB da MOBI da DjVu da XPS da CHM, har da CBZ na littattafan zane. Ba ta da kyale-kyale, kuma ba a yi ta don cike fom ba.

Adobe Acrobat Reader ita ce ta masu tsarin. Tana da nauyi, ɗaruruwan megabait, kuma ba ta gajiya da tallata maka babbar yayarta ta kuɗi. Amma wurin cike fom da sa hannu da tsokaci a gefen rubutu, ita ce abin dogaro. Akwai ma wasu fom na hukumomi da ba sa buɗewa daidai sai a cikinta. A wata manhajar sai ka ga shafi ɗaya kacal mai cewa "Please wait".

A ganina, mai karatu ya ɗauki SumatraPDF, mai aikin ofis ya ɗauki Adobe, wanda ke yin duka biyun ya ɗora su tare, ba sa faɗa da juna. Ba a ɗauko gatari don yanke farce: babu dalilin jiran manhaja mai nauyi ta tashi don kawai ka karanta babi ɗaya.

Mataki na farko: san kwamfutarka

Danna maɓallin Windows haɗe da I, ka shiga System, ka gangara zuwa About. Nemi layin System type. A nan za ka ga ko tsarinka 64-bit ne ko 32-bit. Windows 11 duk 64-bit ne, haka ma kusan duk laftof ɗin da ba ta tsufa sosai ba. A wannan shafin dai, duba Edition: idan ka ga "S mode" a jikin sunan, kwamfutarka ba ta karɓar manhaja sai daga Microsoft Store, don haka can za ka nema.

Mataki na biyu: sauko da ita daga gidanta

Nan ne ya kamata ka nutsu. Kada ka rubuta "free pdf reader" a wurin bincike ka danna abin da ya fara fitowa. Sakamakon sama sau da yawa talla ne da aka biya, kuma 'yan damfara kan sayi wannan gurbi su kwaikwayi shafin kamfani, tambari da launi duk iri ɗaya. Rubuta adireshin da hannunka a saman burauza: sumatrapdfreader.org domin SumatraPDF, ko get.adobe.com/reader domin Adobe. Ka sake karanta adireshin harafi bayan harafi bayan shafin ya buɗe.

A shafin SumatraPDF za ka ga iri biyu. Akwai "installer", wanda ke girka manhajar a cikin kwamfuta, akwai kuma "portable", wanda ba ya bukatar girkawa: fayil ne da za ka ajiye a folda ko a filash ka riƙa dannawa. Na biyun yana da amfani a kwamfutar da ba ka da ikon ɗora mata komai. Idan taka ce, ɗauki na farkon, mai lambar da ta dace da abin da ka gani a About.

A shafin Adobe kuwa, kafin ka danna maɓallin saukewa, duba gefe ko ƙasa. Akan haɗa tayin wasu ƙarin manhajoji, galibi na McAfee masu kare kwamfuta daga bayiros, a cikin ƙananan akwatuna. Idan da alama a ciki, cire ta. Ba su da alaƙa da karanta takarda, kuma Windows ya zo da nasa mai gadin. Ka kuma lura akwai maɓalli biyu: na Reader, wanda shi ne kyauta, da na gwajin Acrobat Pro, wanda zai nemi bayanan katinka. Duk inda aka nemi kati, ka san ba Reader kake saukewa ba.

Abin da Adobe ke ba ka da farko ɗan ƙaramin fayil ne da zai jawo sauran daga intanet yayin girkawa, saboda haka kada ka kashe data sai ya gama. Idan intanet ɗinka na yawan yankewa, ko kana son ɗorawa a kwamfutoci da yawa, akwai cikakken fayil a get.adobe.com/reader/enterprise, ka sauke sau ɗaya ka ajiye.

Su kuma shafukan da ke cewa za su ba ka Acrobat Pro "cikakke" kyauta, wanda aka fasa masa makulli, ka yi nesa da su. Ta wannan ƙofa ce manhajojin satar kalmar sirri suka fi shigowa.

Mataki na uku: girkawa

Danna Ctrl da J a burauza don ganin abin da ka sauke, ko ka shiga foldar Downloads. Danna fayil ɗin sau biyu. Idan fuskar kwamfutar ta dusashe, taga ta fito tana tambayar ko ka yarda manhajar ta yi canji a na'urarka, kada ka yi saurin danna Yes. Karanta layin Verified publisher. Na Adobe zai nuna sunan kamfanin. Idan ka ga "Unknown", danna No, ka goge fayil ɗin, ka koma ka duba inda ka samo shi.

Daga nan SumatraPDF za ta nuna maka taga ɗaya mai maɓallin girkawa da wani mai suna Options. Leƙa Options ɗin. Akwai zaɓin da zai sa Windows ya riƙa nuna samfotin PDF a File Explorer, da wanda zai sa binciken Windows ya riƙa shiga cikin rubutun takardun. Duka biyun suna da amfani ga mai tarin fayiloli. Danna girkawa, kafin ka gyara zama ta gama. Adobe ba ta tambayar komai, sai dai jira. Idan ta kammala ka danna Finish.

Ga wanda ba ya tsoron baƙar taga, akwai gajeriyar hanya: buɗe Terminal ko Command Prompt, ka rubuta winget install SumatraPDF.SumatraPDF, ka danna Enter. Windows da kansa zai sauko da ita ya girka, ba talla ba shafin bogi.

Mataki na huɗu: mai da ita ta dindindin

Mutane da yawa kan gama girkawa, su danna takarda, su ga har yanzu Edge ce ke buɗewa, sai su ɗauka manhajar ba ta hau ba. Ta hau, ba a dai gaya wa Windows ba ne. Danna wata takardar PDF da ɓangaren dama na maus, zaɓi Open with, sai Choose another app. Danna manhajarka. A Windows 11 ka danna Always, a Windows 10 ka yi wa akwatin "Always use this app" alama kafin OK. Idan abin ya ƙi zama, shiga Settings, Apps, Default apps, ka nemi .pdf ka sauya daga can. Haka za ka maimaita wa .epub idan kana da littattafai irinsa. Alamar an dace ita ce tambarin fayilolinka ya sauya zuwa na sabuwar manhajar.

A kwamfutar Apple: danna fayil sau ɗaya, ka latsa Command da I, a ƙarƙashin Open with ka zaɓi manhajar, ka danna Change All.

Karatun kansa

Maus yana ɓata lokaci. Ga maɓallan da suka cancanci haddacewa, kuma suna aiki a manhajojin biyu. Ctrl da O na buɗe fayil. Ctrl da 2 na shimfiɗa shafi ya cika faɗin sikirin, wanda shi ya fi daɗin karatu a laftof. Ctrl da 0 na nuna shafin gaba ɗayansa. Riƙe Ctrl ka murza tayar maus, rubutu zai ƙara girma ko ya ragu. Takardar da aka ɗauka a kwance, Ctrl da Shift da alamar tarawa za su miƙar da ita, sai dai wannan juyin na kallo ne kawai, bai taɓa ainihin fayil ɗin ba. Idan ka danna wata mahaɗa ta jefa ka ƙarshen littafi, Alt da kibiyar hagu za su dawo da kai inda kake.

Tsallakawa zuwa wani shafi ya bambanta: Ctrl da G a SumatraPDF, Ctrl da Shift da N a Adobe. Cika sikirin kuma F11 ne a ta farko, Ctrl da L a ta biyu. A SumatraPDF, F12 na fito da jerin babuka a gefe idan littafin na da shi, Ctrl da B kuma na ajiye shafin da kake cikin waɗanda kake son komawa.

Bincike shi ne babbar fa'idar karatu a kwamfuta. Ctrl da F, ka rubuta kalma, F3 ya kai ka wuri na gaba da ta fito. Adobe na da wani bincike mai zurfi a Ctrl da Shift da F, wanda zai iya ratsa duk takardun PDF da ke cikin folda guda ya jero maka inda kalmar take. Mai bincike da tarin maƙaloli ya san darajar wannan. A rubutun Hausa ka kula da haruffa masu lanƙwasa: "kasa" ba lalle ta nemo maka "ƙasa" ba, don haka ka gwada duka biyun.

Wani lokaci za ka nemi kalmar da kake gani da idonka a shafi, manhaja ta ce babu. Ba ita ta lalace ba. Takardar ce aka ɗauka da sikana ko kyamara, kowane shafi hoto ne, babu rubutun da kwamfuta za ta gane. Gwajin mai sauƙi ne: ja maus a kan layi. Idan kalmomi suka ɗauki launi, rubutu ne. Idan ba abin da ya kamu, hoto ne. Maganinsa fasahar da ake kira OCR, mai mayar da hoton haruffa rubutu, kuma Reader ta kyauta ba ta yin ta. Hanya ɗaya ita ce ka ɗora fayil ɗin a Google Drive, ka buɗe shi da Google Docs, zai ciro rubutun, ko da yake tsarin shafi kan wargaje. Kada dai ka yi haka da takardar sirri.

Idan kana karatu kana rubuta bayani, danna Windows da kibiyar hagu, manhajar ta koma rabin sikirin, ka sa wurin rubutunka a ɗaya rabin.

Alama, tsokaci da sa hannu

A SumatraPDF, ja maus a kan jimla ka danna harafin A, za ta ɗauki launi. A Adobe, ja maus ɗin, 'yar sanda za ta fito da alƙalamin shafa launi da na ja layi da na tsokaci. Abin da ake mantawa shi ne adanawa. Alamomin ba sa shiga fayil sai ka adana: Ctrl da S a Adobe, Ctrl da Shift da S a SumatraPDF. Idan za ka rufe ta tambaye ka, karanta tambayar kafin ka amsa.

Fom iri biyu ne. Akwai wanda aka tsara da guraben cikewa, za ka gan su da launin shuɗi-shuɗi, ka danna ka rubuta, Tab ya kai ka gurbi na gaba. Akwai kuma wanda layuka ne kawai aka zana. Shi wannan sai ka buɗe Fill & Sign a cikin kayan aikin Adobe, ka danna duk inda kake son rubutu ya zauna. A nan ne kuma ake sa hannu, ta hanya uku: ka rubuta sunanka, ko ka zana da maus, ko ka sa hoton sa hannunka. Na ukun ya fi kyau. Sa hannu da baƙin biro a farar takarda, ka ɗauki hoto a wuri mai haske, ka yanke gefuna, ka shigo da shi. Kafin ka sa hannu, yi Save As ka ba fayil ɗin sabon suna, domin da zarar ka adana da sa hannu a jiki, gyara ya yi wuya, kuma za ka so a ce kana da kwafin da ba a taɓa ba.

Ka sani Reader ba ta gyara ainihin rubutun takarda. Kayan aiki irin su Edit a PDF suna nan a jere, amma kana dannawa za a kai ka shafin biyan kuɗi.

Saiti uku a Adobe

Danna Ctrl da K. A ƙarƙashin Documents, yi wa "Restore last view settings when reopening documents" alama, don ta riƙa mayar da kai shafin da ka tsaya. SumatraPDF na yin haka da kanta. A ƙarƙashin JavaScript, cire alamar "Enable Acrobat JavaScript". Takardar PDF na iya ɗauke da ƙananan umarni masu tashi da kansu, kuma an sha amfani da su wurin kai hari. Idan wani fom na gaskiya ya bukace su, manhajar za ta sanar da kai ka ba shi izini shi kaɗai. Na uku, ga mai karatun dare: a Accessibility akwai "Replace Document Colors", inda za ka mai da farin shafi baƙi ko wani launi mai sanyi. Sabuntawa kuma ka bar ta tana yi, domin yawancinta toshe ɓaraka ce.

Bugawa

A Adobe, Ctrl da P. Duba gurbin shafuka kafin komai, in ba haka ba firinta za ta kama littafin gaba ɗaya. Rubuta misali 15-22. Ka lura lambar da aka buga a ƙasan shafi ba lalle ta yi daidai da lissafin manhaja ba, saboda bango da gabatarwa, don haka ka dogara da samfotin da ke gefe. Zaɓi Fit don kada gefen rubutu ya yanke, Multiple kuma zai haɗa shafi biyu ko huɗu a takarda ɗaya. Wata dabara: a jerin firintoci akwai Microsoft Print to PDF. Zaɓe shi, ka rubuta shafukan da kake so, zai fitar maka da sabon fayil mai ɗauke da su kaɗai. Haka ake ciro babi ɗaya daga babban littafi ba tare da sayen komai ba, sai dai mahaɗai da jerin babuka ba sa biyo shi.

Takardun Word da sauransu

Manhajar PDF ba ta buɗe .docx ko .xlsx. Microsoft ta daina ba da Word Viewer tun 2017, WordPad ma an cire shi daga sababbin fitowar Windows 11. Idan ba ka da Office, ɗora LibreOffice daga libreoffice.org, kyauta ce, tana buɗe Word da Excel da PowerPoint, kuma tana mayar da su PDF. Matakan girkawar duk ɗaya ne da na sama.

Idan abu ya ƙi

Saƙon cewa fayil ya lalace galibi yana nufin saukewar ba ta kammala ba. Duba nauyinsa, ka sake saukewa. Idan ya buɗe a Edge amma ya ƙi a manhajarka, sabunta manhajar. Takardar da ta nemi kalmar sirri, wanda ya aiko ta ne kaɗai zai ba ka. Wadda ta buɗe amma ta hana kwafa ko bugawa, mai ita ne ya kulle. Ctrl da D a Adobe, ƙarƙashin Security, zai nuna maka abin da aka yarda da wanda aka hana. Takardar da ta shigo ta imel daga wanda ba ka sani ba, musamman mai cewa ka danna wani wuri ka shigar da kalmar sirrinka kafin ka ga abin da ke ciki, goge ta kawai.

In kuma manhajar ba ta yi maka ba, shiga Settings, Apps, Installed apps, wanda a Windows 10 ake kira Apps & features, ka nemo sunanta ka danna Uninstall. Takardunka ba za su taɓu ba, haka ma alamomin da ka riga ka adana a cikinsu. Sai dai ka koma mataki na huɗu ka naɗa wadda za ta riƙa buɗe su.